Sharhi Kan Ƙunshin Irin Kel Mai Jure Sanyi

Ƙunshin ya zo da nau'i uku na kel, ɗan'uwan kabejin nan da ba ya dunƙule kai: Winterbor da Red Russian da Nero di Toscana. Da aka shuka su a zurfin santimita 1, kusan duka sun tsiro cikin kwana 10.

Winterbor ne ya fi burge ni, domin ganyensa mai murɗaɗɗen baki yakan tsaya ƙyam ko da raɓa ta daskare a kansa, kuma sanyin ma zaƙi yake ƙara masa, saboda shukar tana tara sukari don kare kanta. Sai dai an samar da shi ne ta hanyar haɗa auren iri biyu, don haka wanda ya ajiye ƙwayarsa ba zai sami kamarsa baɗi ba. Red Russian, mai jijiyoyi shunayya, ya fi laushi, amma yana saurin yaushi bayan an tsinke shi. Nero di Toscana bai kai su jure sanyi ba.

Aibin ƙunshin shi ne bayaninsa bai ambaci tazarar santimita 45 tsakanin shuke-shuke ba, bai kuma yi gargaɗi kan malam-buɗe-littafi ba, wanda ke saka ƙwai a ƙarƙashin ganye har tsutsotsi su cinye shi.