Sitidiyon nan na Aboabo: aiki na da kyau, amma ku rubuta yarjejeniya

Jama'a, wata uku muka yi ni da ƙanena muna zirga-zirga wani sitidiyo a Aboabo nan Kumasi, ba zan kama suna ba. Gaskiya wajen na da tsabta, makirfo ɗinsu na ɗaukar murya tas, ko an ɗauke wuta suna da janareta, kuma kuɗinsu ba tsada.

Matsalar furodusan ce. Waƙarmu jitar katako ce da kalangu kawai, muka je karɓa sai muka ji ya zuba ganga ta kwamfuta da jitar lantarki a kai, ko waya bai yi mana ba, kalangun da ƙanena ya kwana yana gyara tsarkiyarsa da ƙyar ake jin sa. Na ce Malam wannan ba namu ba ne, wai ai haka furodusa Tom Wilson ya yi wa waƙar mawaƙan nan Simon da Garfunkel, "The Sound of Silence", a 1965, daga baya waƙar ta zo ta ɗaya a Amurka. To ai shi Wilson ɗin a shekarar ma suka raba gari da mawaƙi Bob Dylan, kuma Dylan da manajansa Albert Grossman har kotu suka kai kan kuɗin waƙoƙi!

Da muka nemi fayil ɗinmu na asali sai ya ce sai mun ƙara kuɗi, alhali mun biya cif. Wallahi abin ya yi min ciwo. Sai da kawunmu ya sa baki kafin ya tura mana a filash.