Daga Kakuri zuwa Abuja: jirgin ƙasa ko mota?

Kakuri dai, unguwa a kudancin garin Kaduna, masaƙu ne suka raya ta, tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) a 1957, sannan masana'antar haɗa motoci ta Peugeot ta zo a 1975, kuma kusa da layin dogo aka kafa kamfanonin don jigilar auduga da kaya. Amma yau in jirgin Abuja kake so, wanda ya fara aiki a 2016, sai ka tsallake kogi ka nausa har tashar Rigasa, ga kuɗin keke napep ga neman tikiti, kodayake in ka zauna shikenan hankali kwance har tashar Idu a Abuja.

Mota kuwa ai kana bakin hanyar Abuja tuni. Sai dai gajiya da fargabar hanya. Ni wallahi in da iyali ne jirgi zan hau.