13B ko Renesis: wanne ya fi ƙara, wanne ya fi ƙarfi a ƙaramin jirgi?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa cikin injinan Mazda masu juyi da masu haɗa ƙananan jiragen sama a Amurka ke ɗaurawa, tsohon 13B na motar RX-7 ke da ƙara mai huda kunne alhali Renesis na RX-8 da sauƙi, kuma ko sauƙin ƙarar na nufin ƙarancin ƙarfi.

Girmansu ɗaya ne: majuyi biyu masu kusurwa uku, cc 654 kowanne, duka a kan ƙirar Felix Wankel ɗan Jamus. Ba fistin, ba bawul. Inda suka rabu shi ne wurin da aka huda ramin fitar hayaƙi.

A 13B ramin yana jikin gewayen gidan majuyin. Da bakin majuyin ya gifta, ramin ya wangale gaba ɗaya, hayaƙi ya fito kai tsaye kamar harbin bindiga. Idan injin na juyi 6,000 a minti, bugu 200 ke nan ke faɗa wa salansa kowace daƙiƙa, da zafin da kan kusanci digiri 900 a ma'aunin Celsius. Salansar mota ba ta jure wannan: farantan cikinta su tsage, walda ta buɗe. A sama kuwa ba wasa ba ne, don guntun ƙarfe na iya toshe hanyar hayaƙi ƙarfin injin ya faɗi. Shi ya sa ake neman ƙarfe mai jure wuta irin Inconel, ga tsada ga wahalar walda.

Renesis ya fito a 2003, an mayar da ramukan fitar hayaƙinsa jikin farantan gefe, waɗanda suka rufe gidan majuyin ta gefe. Suna buɗewa a hankali, hayaƙin kuma sai ya sha kwana kafin ya fita, to kaifin bugun ya ragu. Ramin shigar iska da na fita ba sa buɗewa tare, don haka ya fi tattalin mai. Ba rago ba ne kuma: ƙarfin doki 231 yake bayarwa a mota ba tare da tarbo ba (na'urar da hayaƙi ke juyawa ta tura wa inji ƙarin iska), sai dai a juyi 8,200, wanda ba a riƙe injin jirgi a kai. Dukansu biyu sai an sa musu giyar rage gudu kafin farfela.

Amma sauƙin ƙarar da farashinsa. Hayaƙin da ke bi ta farantan gefe yana zuba zafinsa cikin ruwan injin, lagireto ya ƙara aiki, kuma babban lagireto a jirgi yana rage gudu. Madaidaicin ramin 13B kuwa shi tarbo ke so, tarbon ya haɗiye yawancin ƙarar, ya kuma riƙe ƙarfi can sama inda iska ta yi ƙaranci.

Ni dai in ba tarbo za a sa ba, Renesis zan ɗauka, don salansar da ba ta tsagewa ta fi min 'yan dawakai ƙari. Mai niyyar tashi can sama da tarbo, ya riƙe 13B.