Soket ɗaya na ce a ƙara mini a Landan

A Ingila ba a kiran mai gyaran wuta, layi ake bi. Uwargida ta samo firiza babba don ajiye nama da kayan miya, ga injin busar da kaya, kuma lungun da za su zauna babu soket. Mai gidan haya ya amince a ƙara ɗaya idan ni zan biya. Da na bugo wa mutumin waya sai ya duba littafinsa ya yanka mini rana can gaba, har da awa. Da a unguwarmu ne, kafin a idar da La'asar yaro ya ɗauko mai wuta a kan babur, ya gama, ya ci abinci, an yi hira.

Ranar da ya zo na nuna masa wani soket a bayan bangon, na ce ai ga wuta nan kusa, a huda a ja waya kawai. Ya kwance soket ɗin, ya leƙa, ya girgiza kai. Wai waya ɗaya ce ta shigo masa, reshe ne da aka riga aka ja daga babban layi, kuma ba a jan reshe daga reshe. Na ce aikin minti goma ne fa. Ya dube ni a gaban iyalina ya ce idan abin da nake so ke nan in nemi wani, shi ba zai sa hannu a takardar da sunansa ke kai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kuɗina, ɗakina, amma ana yi mini magana kamar an kama ni ina satar wutar NEPA.

Sai da ya ga na yi shiru sannan ya buɗe akwatin wutar gidan ya shiga bayani. Soket ɗin gidajensu galibi a zobe suke: waya mai kauri 2.5 (da murabba'in milimita ake auna kaurin waya) ta tashi daga akwati, ta bi soket ɗaya bayan ɗaya, ta komo inda ta fito, bireka, wato makunnin da ke faɗuwa ya yanke wuta in ta yi yawa, mai amfiya 32 na tsaronta (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ce). Ita 2.5 ita kaɗai, ko a sarari aka kafa ta, ba ta wuce amfiya 27. Abin da ya sa ake yarda da 32 shi ne wutar na biyowa ta hannu biyu, kowane ya ɗauki rabonsa. Reshe kuwa hannu ɗaya ne, don haka soket ɗaya aka yarje masa, ko mai baki biyu. In ka jera uku ko huɗu a kai, waya za ta yi ta zafi cikin bango, bireka kuma ko a jikinta, domin ba a kai 32 ba. Idan ba zobe za a yi ba, a ja layi miƙaƙƙe, to 2.5 da bireka 20 take tafiya, mai son 32 sai ya sayi waya mai 4. Fitilu waya mai 1 ko 1.5 a kan amfiya 6. Murhun lantarki waya mai 6. Injin ɗumama ruwan wanka, mai ƙarfin cikinsu, har waya mai 10 yake ci.

Wannan tsarin zobe bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka fito da shi, lokacin da jan ƙarfe ya yi musu wuya ga gidaje ana ta sake ginawa. A 1947 aka kawo filogin nan mai ƙafa uku da fis a cikinsa, wanda muka gada muke amfani da shi har yau. Wato su ma tsimi ne ya kai su, sai dai da lissafi suka yi nasu tsimin. Fis ɗin filogi mafi girma 13 ne, daidai da butar lantarki mai wat 3,000 a kan wuta mai bolt 230. Mu kuwa in ya ƙone sai a naɗe gurbinsa da silin waya, ko a yanke filogin gaba ɗaya a cusa tsirarar waya da tsinken ashana.

Ƙarshe dai sai da ya ɗaga katakon daɓe ya shigar da sabon soket ɗin cikin zoben. Ya jona na'ura ya auna, ya gwada abin nan da ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin mutum, ya rubuta lambobi, ya miƙo takarda. Kuɗin da ya karɓa ba zan faɗa ba, kada Hajiya ta ji. Kuma kada ku ɗauka komai nasu daɗi ne: banɗakinmu babu soket sai ɗan na injin aski, fitilarsa ma igiya ake ja. Gidan haya kuma doka ce tun 2020 a duba wayarinsa aƙalla duk shekara biyar, kuɗin kuwa ta bayan gida a cikin haya yake dawowa kanka.

Ina cikin wannan Yaya ya turo mini jerin kayan wayarin na ginina da ke Kano. Na duba, 1.5 ce ta cika takardar. Na tambaya, aka ce mai aikin ya ce ta isa soket, ai wutar ma ba kullum ake kawowa ba, a rage kashe kuɗi. Bireka kuwa manya ya rubuta, don kada ta riƙa faɗuwa tana damun mutane. Nan ne fa na kasa barci. Bireka waya take tsaro. Idan ka sa babba a kan siririyar waya, ka mayar da wayar ita ce fis, kuma a cikin silin take. A wannan soket ɗin za a jona dutsen guga, da hita da sanyin hunturu, da firiji, wata rana a ƙaro na'urar sanyaya ɗaki ba tare da an tambayi kowa ba.

Mu ne ma ya kamata mu fi mutanen Ingila kaurin waya. Lissafin littafinsu a kan zafin digiri 30 aka yi shi. In ya kai 40, waya mai rigar roba na rasa kusan kashi 13 cikin ɗari na abin da take iya ɗauka. To a Afrilu, tsakanin kwano da silin a Kano, wa ya san inda zafi ke tsayawa? Ga kuma wayoyin bogi, a rubuta 2.5 a jikin roba alhali cikin bai kai ba, ko a yi wa alminiyam fentin jan ƙarfe. Abin haushin, ana yin waya mai kyau a Najeriya, masu aikin kirki sun san ta, mai gini ne ke cewa a kawo ta arha. Mutum zai zuba kuɗi a tayil da ƙofar waje saboda su ake gani, waya kuwa tunda filasta za ta rufe ta, ko oho. Gobara ta tashi a kasuwa a ce wutar lantarki ce, a yi jaje, a sake ja da irin wayar da ta ƙone.

Na ce wa Yaya ya yi haƙuri a sake jerin. Soket duka 2.5 a kan bireka 20, kicin da layinsa mai 4, kowace na'urar sanyaya ɗaki da nata layin, wayar ƙasa kuma ta kai kowane soket, ba a bar ƙafa ta uku don ado ba. Ya ce kuɗin zai tashi, tayil ɗin falo sai baɗi. Na ce a bar shi sai baɗin. Kuma kafin a biya mai shago, a yanki guntu daga kowane naɗi a kankare da wuƙa a gabansa, in fari ya bayyana a mayar masa da kayansa.