PS4 Slim, PS5 ko Xbox: wacce za ka saya in kana zaune a Garwa?

Tun ranar da ƙanena ya ɗora hoton PS4 ɗina, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sony, a WhatsApp ban huta da tambaya ba. Wacce zan saya, a ina, ta hannu ko sabuwa? Yawancin masu tambayar 'yan Garwa ne da Marwa, sai wasu 'yan Injamena da ke tsallakowa Kusiri sayayya. Amsata ɗaya ce: PS4 Slim, ta hannu, mai cin faifai. Akwai son zuciya a ciki, ban musa ba, amma akwai dalili.

Masu gwada na'urori a YouTube a ɗaki mai sanyi suke zaune, wutarsu ba ta ko ƙiftawa, intanet kuwa kamar Binuwai a watan Agusta. Mu a nan, Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, hunturu ya cika ɗaki da ƙura, a ɗauke wuta a kawo, data kuma sai ka ciro kuɗi ka saya a MTN ko Orange. Da wannan ma'aunin nake auna kowace na'ura.

PS4 ta fito a 2013, Slim da Pro suka biyo baya a 2016, kuma Sony ta sayar da fiye da miliyan 110 a duniya. Yawan nan shi ne gatanta. Duk mai gyaran da ya san aikinsa ya taɓa buɗe ta, kayan gyaranta suna shigowa daga Duwala da Najeriya, faifai kuma na yawo hannu zuwa hannu. Ka gama God of War, ka ba abokinka, ya ba ka Mortal Kombat 11 ko GTA V, ba wanda ya kashe ko dala. Masu son anime ma ba a bar su a baya ba, ga Naruto Ultimate Ninja Storm 4, ga Dragon Ball FighterZ, mutum biyu a kan tabarma ɗaya, babu buƙatar intanet. Ƙwallo kuwa, wadda ita ce ke tara mu bayan isha'i, tun da EA, kamfanin da ke yin wasan, ta rabu da sunan FIFA ta koma FC a 2023 ba ta yar da PS4 ba. Masu riƙe da PES 2021 har gobe, su ma ga gidansu. Slim ta fi ta farko ƙarancin cin wuta da ƙarancin ƙara, kuma tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240, don haka ko daga Amurka aka kawo ta, 220 ɗinmu ba zai ƙona ta ba. A duba lambar da ke jikinta: CUH-2 da wani abu ita ce Slim, CUH-1 tsohuwa ce, CUH-7 kuma Pro.

Pro ɗin, sai in kana da talabijin 4K kuma kana son jin jirgi na tashi a ɗakinka. PS5 ta 2020 na'ura ce ta gaske, kuma GTA VI ba zai zo PS4 ba, amma kuɗinta zai sayi Slim da manet (abin da ake riƙewa a buga wasa) biyu da faifai har a ba ka canji, sannan manet ɗin PS4 ba ya buga wasannin PS5. Xbox Series S ba ta da bakin faifai kwata-kwata, komai sai an sauke, wasa ɗaya ya cinye giga 50 ko 100. Wannan ta mai intanet ɗin ofis ce. Switch ta kamfanin Nintendo tana da batir, abin so in an ɗauke wuta, sai dai wa za ka yi musayar wasa da shi a unguwarku?

Yanzu ga inda na ƙone. PS4 ɗina ta farko a hannun wani mai shago na saye ta, ya ce min "cike take, wasa ashirin a ciki, kyauta". Na ƙara masa kuɗi saboda wasannin, na dawo gida ina taƙama. Wata biyu ban ga komai ba. Ranar da na haɗa ta da intanet, sai ga hoton kwaɗo a kan kowane wasa. Ashe wasannin na wani asusu ne da aka mai da na'urar ta zama babbar na'urarsa, mai asusun ya cire ta ya sayar wa wani. Da na koma shagon sai ya ce ai ni na taɓa wani abu. Saboda haka in an ce maka "cike take", ka biya kuɗin na'ura kawai, wasan da ba ka riƙe faifansa a hannu ba, ba naka ba ne.

Akwai kuma wadda aka fasa tsaronta don ta buga wasannin da ba a saya ba, da muke ce wa kirake. Ita aƙalla ba a ɓoye maka komai, amma ka sani ba za ka hau layi da ita ba, duk sanda ta mutu sai an sake tayar da fashin, kuma ranar da yaro ya danna sabuntawa, shi ke nan ta rufe. A garin da ake ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, wannan aiki ne. Wata cutar ita ce na'urar da Sony ta hana shiga layi gaba ɗaya. A ido lafiyarta ƙalau. Ka kunna data a wayarka, ka haɗa ta a gaban mai shago, ka shiga da asusunka. In ya fara cewa sauri yake yi, ka kama gabanka. Asusun ma da kanka za ka buɗe, da adireshin imel naka. Kamaru da Chadi ba sa cikin jerin ƙasashen shagon PlayStation, shi ya sa yawancinmu Faransa muke zaɓa, kuma katin kuɗin da za ka saya dole ya zama na ƙasar da ka zaɓa.

Manet kuwa, wanda 'yan Najeriya ke cewa fad, jabunsa ya fi na gaske yawa a idona. Kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, har lambar baya sun kwaikwaya. Ka ɗaga shi, na jabu ba shi da nauyi. Ka shafa allon taɓawa na tsakiya ka ga ko yana amsawa, ka sa abin kunne a ramin ƙasa ka ji ko sauti na fita, ka saki sandunan biyu a cikin wasa ka ga ko ɗan wasa na tafiya shi kaɗai. Na fi yarda da tsohon manet na asali da ya sha hannu a kan sabo fil a leda mai arha.

Kafin ka miƙa kuɗi, a sa faifai a buga rabin awa cur. Ka saurari fanka, ka motsa wayar HDMI, mai haɗa ta da talabijin, kaɗan ka ga ko hoto zai ɗauke, ka duba takardar da ke manne a kan kusoshin baya ko an yage ta, alamar an taɓa buɗe na'urar. Ka kuma sunsuni bayanta, ba wasa nake ba: kyankyasai na son ɗumin wurin wutar PS4, kuma su kan kashe ta.

Ka ware kuɗin regilata, na'urar daidaita ƙarfin wuta, tun a cikin lissafin farko, in da hali har da ƙaramin batir mai riƙe wuta, ko na minti biyar ne, ka samu ka kashe ta da hannunka. Tawa tana kan tebur, nesa da bango, na rufe ta da tsohon ɗankwalin Hajiyarmu in ba ta aiki, kuma duk ƙarshen hunturu ina kai ta a bushe mata ƙura.