Gandun Dajin Kruger: Yawon Kallon Namun Daji a Motarka

Ga wanda aiki ko karatu ya zaunar da shi a Johannesburg ko Pretoria, shiga gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu da motarsa ta hannun SANParks, hukumar kula da gandayen dajin ƙasar, ya fi biyan kamfanin yawon buɗe ido araha nesa ba kusa ba, kuma hidimar ta ci kuɗinta. Daga Johannesburg ta hanyar N4 zuwa ƙofar Malelane tafiyar kusan awa 5 ce.

Sai dai dajin ya kai tsawon kilomita 360, kuma nan baƙi suke yin kuskure. An ƙayyade gudu: kilomita 50 a awa kan kwalta, 40 kan burji. In ka haɗa da tsayawa kallo, da garken giwaye da zai tare hanya, tafiyar kilomita 100 tana iya cinye awa 4. A watan Yuni da Yuli ana rufe ƙofar masauki da ƙarfe 5:30 na yamma, wanda ya makara kuma tara ce. Saboda haka mai kwana uku ya tsaya a kudu. Hanyar H4-1 tsakanin masaukan Skukuza da Lower Sabie tana bin gaɓar kogin Sabie, can ake ganin dorina, kada, ɓauna, wani lokaci har damisa a kan bishiya. Mai neman zaki ya nufi masaukin Satara ya bi hanyar S100 da sassafe. Da rana tsaka dabbobi suna kwance a inuwa, asarar mai kawai za a yi.

Ɗakunan masaukan tsaf suke, ko da yake wasu sun tsufa. Akwai firji da wurin gasa nama, amma ba kowane ɗaki ke da tukwane ba, a duba kafin a biya. Ana buɗe kamun ɗaki wata 11 kafin lokaci, na Lower Sabie kuwa nan da nan suke ƙarewa.

Kuɗin shiga kashi uku ne: na 'yan ƙasa da mazauna, na ƙasashen SADC (ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka), sai na sauran baƙi, wanda ya ninka na farko sosai. Mai takardar izinin zama ya riƙe ta a hannu.

Inda hidimar ta gaza shi ne abinci. Kada a dogara da kantunan ciki wajen naman halal, gara a sayo a birnin Mbombela da ke kan hanya a zuba a kula. Haramun ne fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe, don haka a tsara azahar ta riski mutum a wuraren yada zango na Afsaal ko Tshokwane. Birai a can ɓarayi ne, ko burodi kada a bari a fili.

Yankin sauro ne, musamman da damina, daga Oktoba zuwa Afrilu. Wanda ya daɗe da barin gida garkuwarsa ta maleriya ta ragu, ya ga likita kafin tafiya.