Gargaɗi: mai sayar da sojojin Krieg na jabu da sunan na Forge World

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman ku da ke nan Ingila kuna haɗa ƙananan sojojin Warhammer kuna yi musu fenti. Ba mu da yawa, don haka abin da ya sami ɗayanmu ya kamata kowa ya ji. Akwai wani mutum da ke yawo a rukunonin saye da sayarwa na Facebook yana tallar sojojin Death Korps of Krieg, yana cewa na Forge World ne (wani reshe na Games Workshop, kamfanin da ke yin Warhammer), wai ya daina wasan, zai tashi daga gidan haya, yana so ya rage kaya. Kada ku tura masa ko kwabo. Ni ya ci mini fam 140. Faɗin sunan shafinsa ba zai amfane ku ba, domin sau biyu yana canza shi tun daga lokacin. Salonsa ne bai canza ba.

Ba banza ya zaɓi Krieg ba. Sojojin nan masu dogayen riguna da abin rufe fuska na kariyar gas, irin na ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, shekara da shekaru Forge World kaɗai ke zuba su da rezin (wani sinadari mai ruwa-ruwa da ke daskarewa ya yi tauri) a Nottingham, kuma da tsada. Sai a 2021 Games Workshop ya fitar da na roba a cikin akwatin wasansu mai suna Kill Team. Tsadar nan ce ta sa masu kwafi suka yi musu caa, har ya zama duk wanda ya daɗe a harkar in ya ga tsofaffin Krieg da araha sai ya tsaya ya sake dubawa. Araha ba ta ado.

Hotunan da ya nuna mini na sojoji ne fentattu, aiki mai kyau ƙwarai. Ya ce sauran suna cikin leda bai taɓa su ba. Na ce ya ɗauki hotonsu tare da takarda mai sunansa da kwanan wata, kamar yadda aka saba. Ya ce yana wurin aiki, kuma akwai wanda ke jira in ban biya yau ba. Sannan ya ce in biya ta PayPal amma ta hanyar Friends and Family, wai don kada a cire masa kuɗin caji. A nan gizo ke saƙar. Wannan hanyar an yi ta ne don tura wa dangi da abokai kuɗi, ba ta da kariyar mai saye. Da ta Goods and Services, wato hanyar biyan kuɗin kaya, na biya, da ina da damar shigar da ƙorafi. Daga baya na sa hotunan nasa a Google Lens, manhajar binciken hoto, sai ga su a shafin wani mai fenti da ba shi da wata alaƙa da shi.

Kayan sun iso, kuma tun daga buɗe kwalin wari ya buge ni, irin na sinadari mai hawa kai. Rezin na gaske ma yana zuwa da ɗan maiƙo, shi ya sa muke wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu kafin fenti, wani lokacin har da ɗan ramin iska, don haka wannan kaɗai bai isa hujja ba. Abin da ya tabbatar mini shi ne layin zubi. Duk abin da aka zuba yana fitowa da siririn layi a inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu. Mai kwafi yana ɗaukar soja na ainihi ya yi sabon mazubi a kansa, sai tsohon layin ya fito, nasa sabon ma ya fito a gefensa. Ku dubi gefen ƙafa da bayan hular kwano a ƙarƙashin fitila: in kun ga layi biyu suna tafiya tare, kwafi ne. Bututun abin rufe fuskar kuma, wanda ya kamata zobbansa su fito ɗaya bayan ɗaya, duk ya cuɗe kamar kyandir ya narke. Da na jera su kusa da na wani abokina da ya saya kai tsaye daga kamfanin, nawa sun ɗan fi ƙanƙanta. Bindigogi uku sun karye tun ina cire su da wuƙa.

Na san akwai masu sayen kwafi da saninsu. Ni ban yarda da shi ba, domin wanda ya zauna ya sassaƙa sojan nan yana da hakki. Amma ko mai wancan ra'ayin zai yarda cewa sayar da jabu da sunan na gaske, a farashin na gaske, ha'inci ne tsagwaronsa. Kuma wanda ya ɓata wata biyu yana fenti ya nufi gasa a Warhammer World, cibiyar kamfanin a Nottingham, ba za a karɓi kwafi a can ba.

Bai tsaya a sojoji ba. Yanzu yana tallar kayan filin wasa, ramukan yaƙi da rusassun gine-gine, wai shi ya yanka su da hannunsa. Wani ƙanenmu ɗalibi ya biya kuɗin saiti guda, aka ba shi lambar bin kaya da ba ta nuna komai, washegari aka toshe shi.

Duk wanda ya yi ciniki da shi ya adana hirarsu da shaidar biya, ya sanar da bankinsa da masu kula da rukunin, sannan ya yi mini magana. Ni kwalin da adireshin da aka aiko shi suna nan wurina, kuma ni da ɗalibin nan mun riga mun haɗa abin da ke hannunmu don kai wa 'yan sanda.